Darasi na Tara: Idan Mutum Ya Zo Neman Ganin Fayil Ɗinsa

Manufar darasi

Bayan an kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. faɗin abin da ake nufi da bayanan mutum, da haƙƙin da doka ta ba mai su;
2. bin matakan amsa buƙata, tun daga shigowar mai nema har a miƙa masa kwafi;
3. rarrabe abin da yake na mai nema da abin da yake na wasu a cikin fayil guda;
4. sanin abin yi idan fayil na mamaci ne, ko na yaro, ko an neme shi an rasa.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a aji, ko ya yanki kati a asibiti, ko ya karɓi albashin gwamnati, ko ya tsaya gaban alƙali, to akwai takardarsa a wani ɗakin da makullinsa ba ya hannunsa. Shekaru sukan shuɗe bai tuna da ita ba. Sai ranar da fansho ya maƙale, ko likita ya tambayi irin aikin da aka yi masa a can baya, ko rigimar gona ta taso, sannan ya nufi ɗakin nan ya ce a nuna masa abin da aka rubuta a kansa.

An shirya wannan darasi domin waɗanda za su tarbe shi a ranar: malaman rajista, ma'aikatan ɗakin kati, magatakardan makarantu da na kotuna, da ma'aikatan gidajen adana tarihi. Shi ma mai neman zai ƙaru da shi, don ya san abin da zai tambaya da inda haƙƙinsa ya tsaya.

Takarda da bangon fayil da kabad duk na ofis ne, amma labarin da ke ciki na mai shi ne, ajiya aka ba ofis. Sai dai da wuya a sami fayil mai ɗauke da labarin mutum ɗaya tak. A fayil ɗin malamin makaranta za a tarar da sunayen iyalinsa, da wasiƙar wanda ya taɓa kai ƙararsa, da jerin albashin abokan aikinsa. Don haka nauyi biyu ne a kan mai riƙon takardu: ya ba mai nema nasa cikakke, ya kuma tsare wa sauran nasu. Wanda ya rufe fayil ya ce sirrin gwamnati ne ya ci amanar mutum ɗaya. Wanda ya miƙa fayil ɗungurungum ya ci amanar mutane da yawa.

1. Mene ne bayanan mutum?

Bayanan mutum su ne duk abin da za a iya gane shi da shi: suna, hoto, lambar ɗan ƙasa, lambar waya, adireshi, zanen yatsa, sakamakon jarrabawa ko na gwajin jini. Abin da wani ya rubuta a kansa ma yana ciki, kamar rahoton shekara da shugabansa ya cike, ko ɗan sharhin da aka rubuta a gefen takarda. Ba lallai sai an ambaci suna ba. Idan takarda ta ce "ungozomar asibitin ƙauye kaza a 1985", duk mutanen ƙauyen sun san wadda ake nufi.

Akwai bayanan da doka ta ware saboda haɗarinsu ya fi yawa: lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa, zamansa ɗan ƙungiyar ƙwadago, sha'aninsa na jima'i, da alamun jikinsa irin su zanen yatsa. Fitar irin waɗannan kan kashe aure, ta raba mutum da aikinsa, wani lokaci ta jefa ransa cikin haɗari.

Wuraren ajiya kuma hawa-hawa ne. Akwai rajistar ofis, inda fayil ke shiga da fita kullum. Akwai ɗakin tsofaffin takardu, inda ake kai fayil ɗin da aka rufe. Sannan akwai Gidan Adana Tarihi na Ƙasa, wanda ya faro a Ibadan a 1954 da ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, yake kuma da manyan rassa a Kaduna da Enugu. A reshen Kaduna ne ake ajiye takardun ofisoshin lardunan Arewa na zamanin Turawa da rubuce-rubucen Larabci masu yawa. Duk inda fayil ya sauka a waɗannan hawa, mutumin da ke cikinsa bai daina zama mutum ba don takardarsa ta tsufa.

2. Abin da doka ta tanada

Tushen maganar shi ne sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, wanda ya tabbatar wa ɗan ƙasa kariyar sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. Dokoki huɗu ne ya kamata mai riƙon takardu ya san su bayan wannan.

Ta farko, Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ita ce kuma ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC. Sashe na 34 ya ba mutum haƙƙin ya tambayi duk wanda ke riƙe da bayanansa: shin akwai su a wurinku? Me ake yi da su? Wa aka ba? Har yaushe za a ajiye su? In ba daga bakina kuka same su ba, daga ina? Yana da haƙƙin karɓar kwafi, da neman a gyara kuskure, da kai kuka wurin hukumar idan an hana shi. Tarar da hukumar ke iya ci takan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana kuwa, naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100.

Ta biyu, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Wannan ƙofar kowa ce, ta neman takardun hukuma gaba ɗaya. Ba ta buƙatar mai nema ya faɗi dalilinsa, kuma wa'adinta kwana 7 ne. Amma sashe na 14 ya hana a ba wani bayanan wani, sai da yardar mai su, ko idan dama a fili suke, ko idan maslahar jama'a ta rinjaya a sarari. Hana takarda ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000, wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan kafin a bayar zai iya shan ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba.

Ta uku, Dokar Gidan Adana Tarihi ta 1992. Ta buɗe wa jama'a takardun hukuma da suka cika shekara 25, amma ta keɓe waɗanda suka shafi rayuwar mutum ta ƙashin kansa, ta ce sai da rubutaccen izininsa ko na magadansa. Ta huɗu ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ɗora wa asibiti nauyin ajiye bayanan majiyyaci da riƙe sirrinsa.

Maƙwabtanmu ma suna da irin wannan tanadi. Nijar ta yi dokarta a 2017 ta sabunta ta a 2022, tana da hukumar HAPDP mai lura da ita, Ghana kuma tun 2012. Wa'adi da tara sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma haƙƙin ganin bayanan kai yana nan a duka.

3. Abin koyi daga Jamus da Ingila

Babu ƙasar da ta sha wannan aiki kamar Jamus. Hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, Stasi, wadda aka kafa a 1950, ta shafe kusan shekara 40 tana tara rahoto a kan 'yan ƙasarta. Da gwamnatin kwaminisanci ta fara rushewa a ƙarshen 1989, sai jami'anta suka shiga yaga takardu da ƙona su. Jama'a suka mamaye ofisoshinta don su hana, daga birnin Erfurt ranar 4 ga Disamba 1989 har hedikwatarta da ke Berlin ranar 15 ga Janairu 1990. Abin da aka tsirar, in an jera shi, ya kai kimanin kilomita 111. A Disamban 1991 aka yi dokar da ta ba kowa damar ganin fayil ɗinsa, aka buɗe ƙofa ranar 2 ga Janairu 1992 ƙarƙashin Joachim Gauck, tsohon faston da daga baya ya zama shugaban ƙasa a 2012. Buƙatun da aka karɓa sun haura miliyan 3, a 2021 kuma aka mayar da takardun hannun gidan adana tarihin tarayyar Jamus.

Yadda suka yi aikin ne ya shafe mu. Ba a miƙa wa kowa fayil sai ma'aikaci ya fara karanta shi. A kwafin da ake bayarwa, ana rufe sunaye da sirrin mutanen da suka faɗo cikin rahoton ba da saninsu ba. Amma ba a rufe sunayen jami'an da suka yi aikin, kuma mai fayil na iya neman a gaya masa ainihin sunan wanda ya riƙa kai rahotonsa a ɓoye. Wato an bambanta wanda ya shiga fayil a matsayin ma'aikaci da wanda aka shigo da shi bai ji ba bai gani ba. An kuma fahimci cewa takarda na iya girgiza mai karanta ta: Vera Wollenberger, 'yar fafutukar da ta zama 'yar majalisa, ta gano cewa mijinta yana cikin masu kai rahotonta, auren kuwa ya mutu.

A Ingila, Graham Gaskin ya rasa mahaifiyarsa yana jariri, ya tashi a hannun hukumar birnin Liverpool, daga wannan gidan riƙo zuwa wancan. Da ya girma ya nemi fayil ɗinsa, domin a nan kaɗai aka rubuta tarihin ƙuruciyarsa. Likitoci da malamai da 'yan sanda da masu riƙo ne suka rubuta abin da ke ciki, hukumar kuma ta ce ba za ta ba shi ba sai abin da marubutansa suka amince. A 1989 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye shi. Ba ta haramta neman yardar marubuta ba, amma ta ce idan marubuci ya ƙi ba tare da hujja ba, ko ya yi shiru, dole a sami wani mai zaman kansa da zai auna ya yanke hukunci. Abin lura a nan shi ne, ƙin yardar wani ba ya rufe magana. Ana aunawa ne: me mai nema zai rasa in an hana shi, me ɗayan zai rasa in an bayar?

4. Matakai bakwai na amsa buƙata

Mataki na ɗaya: a karɓa, a rubuta. Ba sai mutum ya ambaci sunan doka ba. "Ina son ganin fayil ɗina" buƙata ce cikakkiya. Idan bai iya rubutu ba, ma'aikaci ya rubuta masa, ya karanta masa, ya dangwala, a ba shi kwafi. Dokar 2011 ma haka ta tanada ga wanda ya zo da baki. A shigar da ita littafin buƙatu da kwanan wata, a ba shi lamba. Dokar 2023 ta hana jinkiri marar dalili. Ƙa'idar da hukumar NITDA ta fitar a 2019 ta sa wata guda, haka ma dokar Tarayyar Turai ta GDPR, don haka a ɗauki wata guda a matsayin iyakar da ba a son ƙetarewa.

Mataki na biyu: a tabbatar shi ne. A duba katin ɗan ƙasa, ko katin zaɓe, ko lasin tuƙi, ko fasfo, a gwada da abin da ke cikin fayil. Wanda ba shi da ko ɗaya, a yi masa tambayoyin da mai fayil kaɗai zai iya amsawa, ko ya kawo takarda daga mai unguwa ko dagaci. Idan wakili aka aiko, ya zo da takardar wakilci mai sa hannu ko dangwale, tare da shaidarsa da ta wanda ya aiko shi. Kada a taɓa karanta wa mutum abin da ke cikin fayil ta waya, komai sanin muryarsa.

Mataki na uku: a nemi abin da zai sauƙaƙa bincike. Ba a tambayar mutum me zai yi da bayanansa, ruwansa ne. Abin tambaya shi ne wace shekara, wane ofis, wane suna yake amfani da shi a lokacin, ko yana tuna lambar fayil. Tsofaffin ma'ajiyoyi ba da sunan mutane aka jera su ba, da sunan ofis da batu ne. Shi ya sa wata dokar Jamus ta sauke wa gidan adana tarihi nauyin amsawa idan ba a jera takardun da suna ba, mai nema kuma bai kawo abin da zai sa a gano su ba tare da wahalar da ta wuce kima ba. Kada wannan ya zama mafakar lalaci. Manufar ita ce mai nema da ma'aikaci su taimaki juna.

Mataki na huɗu: a bincika da gaske. A ƙasar Hausa sai an yi haƙuri da sunaye. Muhammadu na iya zama Mohammed ko Mamman a wata takardar, Abubakar ya zama Garba ko Habu. A makarantun da, sau da yawa da sunan gari ake rubuta yaro maimakon na uba, kamar yadda muka san Aminu Kano da Shehu Shagari. Mace kan shiga aiki da sunan mahaifinta ta yi ritaya da na mijinta. Su ma fayilolin sun yi ƙaura: da aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi a 1976, da aka cire Katsina daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano da Kebbi daga Sakkwato a 1991, Zamfara daga Sakkwato da Gombe daga Bauchi a 1996, wasu fayiloli sun bi masu su, wasu sun tsaya a tsohuwar hedikwata. A duba buɗaɗɗiyar rajista da ta sirri, a duba kwamfuta. In takardar tsohuwar kotun alƙali ce da Larabci ko ajami, a nemo mai karantawa daga cikin ma'aikata, kada a fita da ita waje.

Mataki na biyar: a karanta shafi bayan shafi. Nan ne gundarin aikin. A kowane shafi a yi tambaya uku: labarin wa ke nan? Akwai wani a ciki? In akwai, a matsayin ma'aikaci ya shigo ko a matsayin kansa? Sunan jami'in da ya sa hannu a takardar tuhuma ba abin ɓoyewa ba ne, aikin ofis ya yi. Amma rashin lafiyar abokin aiki, ko albashinsa, ko sunan wanda ya kawo ƙorafi bisa alkawarin sirri, sai an nemi yardarsa ko an rufe. Yadda ake rufewa: a ɗauki fotokwafi, a shafe wurin da baƙin alƙalami a kan kwafin, a sake ɗaukar kwafin wannan kwafin, shi za a bayar, domin in an ɗaga na farkon a haske rubutun kan bayyana. Ba a taɓa asalin takarda. A kwamfuta ma ɗora baƙin akwati a kan rubutu ba ya goge shi, sai an cire rubutun kansa daga kwafin. Idan fayil ya shafi binciken laifi, ko tsaron ƙasa, ko shari'ar da ke gaban kotu, a kai maganar wurin shugaban sashe da lauyan ma'aikata, kada akawu ya yanke shi kaɗai.

Mataki na shida: a miƙa cikin mutunci. Dokar 2023 ta ambaci kwafi a sigar na'ura da aka saba da ita, amma wanda takarda ta fi masa sauƙi a ba shi takarda. In zai duba asalin fayil, ya duba a gaban ma'aikaci, bayan an zare shafukan da ba nasa ba. A fassara masa gajerun kalmomin ofis da Turancin likitoci. Idan akwai labari mai nauyi, kamar cutar da bai san yana da ita ba, ko asalin da aka ɓoye masa, a zaunar da shi a keɓe, likita ko wani babba ya yi masa bayani. In akwai kuɗin kwafi, a biya a ba da rasit. Babu na goro a nan, haƙƙi ba abin sayarwa ba ne. Duk abin da aka rufe ko aka hana, a rubuta masa dalili, a gaya masa yana iya kai kuka NDPC ko kotu.

Mataki na bakwai: a rubuta abin da aka yi. Ranar da aka amsa, inda aka bincika, shafukan da aka bayar, waɗanda aka rufe da dalilinsu, da wanda ya ba da izini. Wannan rubutu shi zai kare ma'aikaci ranar da aka zo tambaya.

5. Misali

A ce wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya shigo rajistar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ya tarar da malamar rajista.

"Salamu alaikum."

"Wa'alaikumus salam. Sannu da zuwa, Baba. Bismillah, ga kujera."

"Yawwa 'yata, Allah ya yi miki albarka. Fayil ɗina nake son gani. An ce akwai takardar da ta tsayar mini da garatuti, ni kuwa ban san ta ba."

"Haƙƙinka ne, Baba. Bari in rubuta buƙatarka in ba ka lamba. Ka zo da katin ɗan ƙasa?"

"Ga shi. To ba za ki miƙo mini shi yanzu in duba ba?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Sai na fara dubawa, don akwai takardun wasu a ciki. Yadda ba zan nuna wa kowa naka ba, haka ba zan nuna maka nasu ba. Ka dawo ranar Alhamis, in Allah ya kai mu."

Da ta buɗe fayil, ta ware takardun ɗaukar aiki da na ƙarin girma, waɗannan nasa ne kacokan. A jerin albashi ta bar layinsa ta rufe na sauran malamai. Takardar tuhumar da sakataren ilimi ya sa wa hannu ta bar ta yadda take. Wasiƙar ƙorafin da wani uba ya aiko a asirce, ta bar abin da aka faɗa a kan malamin, ta rufe sunan uban da na ɗansa da sunan unguwarsu. Can ƙasa ta tarar da takardar bashin babur. Sunan iri ɗaya ne da na dattijon, amma lambar fayil daban, makarantar ma daban. Takardar wani malamin ce ta faɗo nan, ita ce kuma ta tsayar da garatutin. Ba ta ba dattijon kwafinta ba, tunda ba tasa ba ce. Ta sanar da shugabanta, aka mayar da ita inda ta dace, aka rubuta wa ofishin fansho, shi kuma aka ba shi wasiƙar da ke cewa an sami takardar wani a fayil ɗinsa bisa kuskure, an cire. Da an sallame shi tun daga ƙofa, da kuskuren yana nan kwance.

6. Wuraren da ake yawan tuntuɓe

Fayil ɗin mamaci. Haƙƙin ganin bayanai na mai su ne. Magaji ta wata ƙofar yake shigowa: ya kawo shaidar rasuwa, da takardar kotu ko wata hujjar cewa shi magaji ne, ya faɗi abin da yake nema. A ba shi abin da ya shafi buƙatarsa, kamar lissafin haƙƙoƙin mamaci. Asirin mamaci da bai shafi gado ba a bar shi a rufe, balle na rayayyun da ke cikin fayil ɗin.

Fayil ɗin yaro. Uba ko uwa ko mariƙi na iya nema a madadinsa, amma don amfanin yaron. In iyaye na rigimar riƙo, ko ana zargin mai neman da cutar da yaron, a dakata a nemi shawarar lauya.

Miji da mata, da manya. Aure bai ba miji izinin ganin katin asibitin matarsa ba sai da yardarta, haka ita ma. Sarauta ko muƙami ko surukuta ba takardar wakilci ba ce. A nan ne aka fi jarraba ma'aikaci, domin kunya kan hana shi cewa a'a. Ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, doka ta ɗaure mini hannu, sai mai fayil ya rubuto." Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Neman gyara ko gogewa. A fayil ɗin da ake aiki da shi, kuskure gyara shi ake yi bisa hujja, ta hanyar da ma'aikata ta tsara. A yi hattara da ranar haihuwa, tunda da ita ake lissafin ritaya, shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki ga yawancin ma'aikatan gwamnati. Amma tsohuwar takardar da ta zama tarihi ba a kankare ta, ba a yi mata ƙari, domin shaida ce ta abin da aka rubuta a wancan lokaci, ko da ƙarya aka rubuta. Mafita ita ce wadda dokar Jamus ta bi: mai ƙorafi ya rubuta nasa bayanin, a liƙa shi a fayil, duk mai karanta ɗaya ya karanta ɗayan.

Fayil ya ɓata. Gara da danshi da gobara da ƙaurar ofis sun cinye takardu da yawa. In an bincika an rasa, a faɗi gaskiya a rubuce: ga inda aka duba, ga inda ake zaton za a samu. Kada a bar mutum yana "je ka dawo" wata da watanni. In kuma aka gano an ba wani fayil ɗin da ba nasa ba, a sanar da shugaba nan take, domin Dokar 2023 ta ba da sa'a 72 a kai rahoto ga hukuma idan fitar bayanan na iya cutar da masu su.

Taƙaitawa

Mutum na da haƙƙin sanin abin da aka ajiye a kansa, da karɓar kwafi, da neman gyara. Wannan haƙƙi ya tsaya a kan nasa bayanan, bai kai ga na wasu ba. Mai riƙon takardu zai rubuta buƙata, ya tabbatar da mai nema, ya bincika sosai, ya karanta kowane shafi, ya rufe na wasu a kan kwafi, ya bayar kan lokaci, ya kuma rubuta dalilin duk abin da ya hana.

Tambayoyi

1. Kawo misali biyar na bayanan mutum, biyu daga cikinsu masu haɗari.
2. Mene ne bambancin ƙofar Dokar 2011 da ta Dokar 2023?
3. Me ya sa a Jamus ake barin sunan jami'i amma a rufe na maƙwabcin da ya faɗo cikin rahoto?
4. Wane hukunci kotu ta yanke a shari'ar Gaskin a 1989?
5. Don me ake ɗaukar kwafi sau biyu idan an rufe wani wuri?
6. Hakimi ya aiko a ba shi sakamakon gwajin wanda ke neman auren 'yarsa. Me za ka ce wa ɗan aiken?

Aikin yi

A rabu gida uku. Rukuni na farko ya tsara shafin littafin buƙatu, da duk layukan da matakai bakwai ke buƙata. Na biyu ya rubuta wasiƙar neman ganin fayil da Hausa, wadda ba ta wuce layi takwas ba. Na uku ya rubuta amsar ofis ga mutumin da aka ba shi wasu shafuka aka rufe wasu, tare da dalili da inda zai kai kuka. Kada a yi amfani da fayil ɗin gaske ko sunan wani sananne. A darasi na gaba kowane rukuni zai karanta aikinsa, sauran su yi masa gyara.